Iskar Keken Tana Hannuna

Illela,
Jihar Sakkwato.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana Ma'aruf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Legas. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya tsare ka a garin mutane, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan gida lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Baba yana nan da karatunsa, ciwon gwiwar ma ya yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke. Inna ta ce in gaya maka tunkiyarka ta haifi tagwaye, kuma ɗayan ya ɗauko halinka na rashin zama wuri ɗaya. An fara yankan gero a Araba, Kaka ta aiko mana da tumu, na ci rabona na ci naka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali kana kiran wayar Baba duk Juma'a. To ka san yadda ake yi. A buɗe murya, a ajiye wayar tsakiyar tabarma, kowa ya kewaye ta, in an miƙo mini sai in ce lafiya lau sau uku in gudu ɗaki. Abin da ke cikina ba zai faɗu a haka ba. Malam Lawwali direba zai taso da shanu gobe, kuma saƙo biyu yake ɗauke da su zuwa gare ka: wannan takardar, da saƙon baki daga Harisu ɗan Baffa Idi. Don Allah, don darajar Inna, kada ka amsa na bakin sai ka karanta nawa har ƙarshe. Ka kuma yi haƙuri da ka ga na rubuta sunansa haka kai tsaye. Na cire masa Yaya. A baki ina faɗa saboda idon Inna, amma a takarda birona ya ƙi.

Maganar keken da ka aiko mini ce, mai manyan tayoyin nan da ka ce a ƙasarsu duwatsu ake hawa da shi. Ranar da aka sauke shi daga mota, har masu canjin sefa na bakin titi sai da suka taso kallo. Lamba ashirin da tara ce rubuce a jikin tayarsa, alhali duk kekunan garin nan ashirin da shida ne. A cikin kwalin na sami ledar da ka ƙulle, da tub biyu sababbi, da ɗan ƙarfen nan ruwan zinariya wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da 'yar takardarka. Ka ce bakin iskar wannan keke siriri ne, famfon garinmu ba zai kama shi ba sai an ɗaura masa ɗan ƙarfen, don haka in adana shi sosai. Na sa tub ɗin a ƙasan akwatin littattafaina, ƙarfen kuma cikin gwangwanin 'yan kunnena. Allah shaida, a lokacin ba da wata manufa na ɓoye ba. Kai ka ce in adana, na adana, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Kwana goma sha biyu na yi da shi, Yaya, kuma ina jin har in tsufa ba zan manta da su ba. Ka san hanyar Araba, wurin da yashi ke kama ƙafar keke har mutum ya sauka ya tura. Wannan bai san da yashin ba. Wurin da shanu suka tattake lokacin ruwa ya bushe ya zama ramuka, sai ya bi ta kai kamar yana taka katifa. In ya ɗauki gudu kuma ba ya son tsayawa, sai in daina taka feda, hijabina ya cika da iska, in ji kamar ni ce yarinyar da ake ba da labarinta. Sau huɗu na je wurin Kaka a kwanakin nan. Tun da idonta ya yi rauni ni ke karanta mata littattafan soyayyar da nake arowa, ina tsallake wasu wurare, ita kuma tana gane na tsallake, ta ce in koma baya ba ta son ha'inci. Amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Yana da nauyin tashi, sai na miƙe tsaye kan feda kafin ya yarda ya motsa. Ya fi ni tsayi, in na tsaya sai dai in kai ƙafa ɗaya ƙasa da yatsu. A cikin lungu kuwa ba ya juyawa da sauri, in na karya kansa da yawa sai yatsan ƙafata ya taɓa tayar gaba. Keken fili ne, ba na lungu ba.

Lungun bayan masallacinmu ne ya ci ni. Na shigo kwanar, sai ga amalanken jaki, na karya kai da ƙarfi, ƙafata ta daki taya, sai ga ni a ƙasa, jakata ta zube. Ban ji ciwo ba sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Harisu yana zaune kan benci a wurin. Bai ce mini sannu ba. Ya taso yana tattara mini kaya kamar mutumin kirki, ni kuma kunya ta hana ni ƙirgawa, sai da na shiga gida na ga babu littafina mai koren bango. Kai kaɗai ka san da shi, wanda nake rubuta nawa labarin a ciki.

Washegari bayan la'asar aka kira ni zaure. Baba na nan, Baffa Idi na nan, da baƙinsa biyu 'yan Ƙonni, Inna da Na'ima ƙanwar Harisu kuma suna bayan ƙofa. Harisu ya tsara magana kamar mai wa'azi. Ya ce keken ya fi ƙarfina, ƙafata ba ta kai ƙasa, ba na iya juya shi, jiya jaki ne, gobe babur ne ko mota. Ya ce shi ke zirga-zirgar shagon Baffa tsakanin kasuwa da bakin iyaka da ƙauyuka, shi ya dace da manyan tayoyi, ni a ba ni tsohon nasa mai ƙananan ƙafafu, ya fi mini lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Baba ya juyo ya ce in faɗi nawa. Yaya, ina da amsa cike da ciki, amma bakina ya ƙulle, sai kallon zanen tabarma nake yi. Da Harisu ya tsaya nan, wataƙila da na haƙura. Sai ya zaro koren littafin daga aljihu, ya ce bari a ji mi ke kai ni Araba. Ya buɗe daidai shafin da Shafa'atu, yarinyar labarina, ke tafe kan keke wani yana jiranta ƙarƙashin aduwa. Ya siranta murya kamar ta mace, yana lanƙwasa wuya, ya karanta har inda ta ce zuciyarta ta riga ta isa. Baƙin suka yi dariya har ɗaya ya cire hula. Baffa ya ce ashe muna da marubuciya a gida. Baba bai yi dariya ba. Ya ce ya isa haka, sannan ya yanke cewa Harisu ya riƙe babban, ni in riƙe ƙaramin har ka zo Sallah. Littafin kuwa Harisu ya mayar aljihu, ba wanda ya tuna nawa ne. Da abokin wasana ne sai in ce wasa ne ya yi yawa. Ɗan ƙanen Baba ne, wanda ya kamata ya rufa mini asiri.

Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kaɗai nake alfahari da shi a ranar. Na karɓi tsohon keken. In za a faɗi gaskiya, a cikin gari ba shi da laifi, yana tashi da wuri, yana shiga lungu ya fita kamar ɓera. Amma ranar da na nufi Araba da shi, rabin hanya ni na ɗauki nauyinsa. Ya nutse a yashi, ramukan shanu suka girgiza ni har haƙorana suna haɗuwa, na isa rana ta yi tsaka, jiƙe da gumi. Kaka ta shafa fuskata ta ce wa ya taɓa mata kishiya. Na ba ta labari duka. Sai ta tambaye ni ko akwai abin da na sani game da keken wanda shi bai sani ba. Na ce akwai. Ta ce to in buɗe littafi mu ci gaba daga inda muka tsaya.

Daga ranar na shiga jira. Ba zan yi maka ƙarya ba, na tsara masa azaba iri-iri a raina. Na ga kaina na zama babbar marubuciya, na zo Illela cikin mota, yana roƙon in sa masa hannu a littafi, ina tambayar mutane ko wane ne wannan. Na yi tunanin kwance masa birki, sai na tuna kekena ne zai karye tare da shi. A ƙarshe na gane ba sai na yi komai ba. Kullum da safe in ina sharar zaure, inda yake ajiye keken, sai in danna tayar da babban yatsana. Ba ta taɓa shan iska ba tun da ta baro hannunka, kuma kullum tana ƙara laushi kaɗan. Shi kuwa yana ta yawo a gari, ya ɗaura wa kan keken jan ƙyalle, yana gaya wa mutane wai yayansa ne ya aiko masa daga Legas. Ni dai ina shara, ina dannawa, ina gaishe shi da ladabi.

Ranar Asabar ta sama Baffa ya aike shi Lafani karɓo irin albasa. Ya mayar da aiken tsere, shi da abokinsa Sufyanu, kowa kan kekensa. A tafiya ya yi wa Sufyanu nisa har ya zauna ya sha fura kafin ya iso, don a yashi babu mai kama wannan keke, ni shaida ce. Da za su dawo sai girman kai ya sa ya bar hanya ya yanke ta gonaki, wai tayarsa ba ta tsoron komai. Ba ta tsoron rami, amma ba a gaya mata labarin ƙayar tsaida ba, ga ta kuma da ma ta yi laushi. Gaba da baya duka suka sace. Mai facin Lafani ya like ramukan tsaf, ya ɗauko famfo, famfo ya ƙi kama baki. Aka aro na biyu, aka aro na uku. Haka Harisu ya turo keken da ƙafa tun daga Lafani, da buhun iri a kai, cikin ranar nan ta ƙarshen damina. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa ya shigo, takalminsa ɗaya ya tsinke, leɓensa ya bushe. Na ce masa sannu da hanya, Yaya Harisu. Ban taɓa jin daɗin faɗin Yaya kamar ranar ba. Allah ya yafe mini, har ruwa na kawo masa, don in ga fuskarsa da kyau.

Lahadi ranar kasuwa, Baffa na ta nemansa da aike, shi kuma yana rumfar Mukhtari mai gyaran keke. Na'ima ce ke kawo mini labari, don ita ma tana da nata ciwon da shi. Mukhtari ya naɗe bakin famfo da tsumma ya matsa, iska ta ɗan shiga ta dawo, a garin haka ɗan tsinken bakin tub na gaba ya karye. Aka zagaye kasuwa ba a sami tub mai lamba ashirin da tara ba. Aka tambaya Ƙonni, babu. Aka ce a ja na ashirin da shida a sa da ƙarfi, sai bakinsa mai kauri ya ƙi shiga ramin da ke jikin ƙarfen tayar. Kwana uku keken yana kife a rumfar, ƙafafu sama, duk mai wucewa sai ya tambayi Harisu ina jirgin nasa. Har ya zo yana lallashina in ara masa tsohon kekensa. Na ce ai shi ya ce ya fi mini lafiya, Baba kuma ya ce in riƙe, ba zan saɓa wa Baba ba.

Sai ranar Laraba Na'ima ta shigo da mummunan labari. Mukhtari ya ce hanya biyu ta rage: ko a huda ƙarfen tayar a faɗaɗa ramin, ko a cire manyan ƙafafun gaba ɗaya a nemo ƙanana a sa, shi ya riƙe manyan. Harisu ya zaɓi ta biyu, wai da ma sun cika nauyi, kuma za a yi bayan azahar. Yaya, a nan na ga inda ramuwata ta kai ni. Ina zaune ina jin daɗi, ashe kekena za a yanke wa ƙafafu. Ka zo Sallah ka tarar da shi gurgu, ni kuma in koma tura keke a yashi har abada. Na buɗe gwangwanin 'yan kunne, na zaro tub daga ƙasan akwati.

Ka san ni, ko aiken gishiri aka yi mini sai na maimaita maganar sau biyar a hanya. Amma na tafi rumfar Mukhtari ni kaɗai, maza cike, har ya ɗora sifana kan tayar gaba. Na yi sallama, muryata ta fito ƙarama. Na sake yi da ƙarfi. Na ce wa Mukhtari keken nan Ma'aruf ya saya da sunana, in ya cire ƙafa ɗaya kai zai yi wa bayani. Na ɗaga tub ɗin da ɗan ƙarfen kowa ya gani. Harisu ya miƙo hannu ya ce in kawo. Na dunƙule hannuna na mayar cikin hijabi, na ce sai gaban Baba. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce wa Harisu ya bi ɗiyar nan, ta fi shi sanin abin hawansa. Ban san yadda na iso gida ba.

A zauren nan dai aka zauna. Wannan karon na yi magana, idona a ƙasa amma na yi. Na faɗi amfanin keken da aibinsa, na ce na faɗi sau ɗaya a lungu, amma ban taɓa kai shi cikin ƙaya ba, ban kuma yarda a yanke shi ba. Baba ya tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru kwana huɗu ina kallon ɗan uwana yana wahala. Na so in ce mantawa na yi. Sai na ce so nake ya ji abin da na ji ranar da ya karanta littafina gaban baƙi. Baba ya daɗe yana jan carbi. Ya ce abin da na yi ba halin kirki ba ne, in ba Harisu haƙuri, kuma mako biyu ba ni ba littafin aro. Ya juya ga Harisu ya ce shi kuma ya tona abin da aka rufe, kuma shi Baba ya yi kuskure da ya bar littafin a aljihunsa. Ya sa shi ya ɗauko ya miƙo mini da hannu biyu ya nemi gafara. Ni na ba da haƙurina a fili kowa ya ji. Nasa kuwa ko sauro ya fi shi ƙara. Littafin ya dawo da tabon manja a shafi uku.

Ga hukuncin: keke nawa ne. Harisu zai iya ara in aiken Baffa ya kai shi ƙauye, amma ɗan ƙarfen da sauran tub ɗaya suna hannuna. Mukhtari ya gyara shi tsaf a gabana, ni na ɗaura ƙarfen da kaina, ni na kwance abina. Jiya Harisu ya tsaya ƙofar ɗakinmu yana gyaran murya, wai tayar baya tana son iska. Na ce ina ninke kaya, ya ɗan jira. Na ninke, na warware, na sake ninkewa. Da na fito na tsaya kansa har ya gama bugawa, na karɓi abina na goge da gefen zane.

To yanzu ka gane saƙon bakin da Malam Lawwali zai kawo maka. Na'ima ta ji shi yana roƙonsa ya ce maka ka aiko masa da irin ɗan ƙarfen, ko biyu, wai nawa zai iya ɓata. Nawa ba zai ɓata ba. Na sa masa zare na rataya a wuya. Yaya, ban taɓa roƙonka turare ko atamfa ba, wannan kaɗai nake roƙo: kada ka aiko masa. In ya kira, ka ce ya tambayi mai keke. Inna tana ta ce mini in yafe, kuma zan yafe, ina sa rai wajen Sallah, in tabon manjan ya dushe. Kafin nan ina so duk iskar da zai taka ta biyo ta hannuna.

Na je Araba shekaranjiya, ban sauka ko sau ɗaya ba. Tunda an hana ni na aro, sai na karanta wa Kaka nawa, har shafin da aka yi wa dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wanda ke jira ƙarƙashin aduwa ya cika sanyin jiki, in ƙara masa kuzari, kuma labarin yana buƙatar mugu. Na ce mata na riga na samu, har da jan ƙyalle a kan kekensa.

Baba yana sa maka albarka. Inna ta ce ka rage shan shayi ka riƙa cin abinci, ga kilishi nan ta ba Malam Lawwali, ka duba ko ya isa cikakke. Kaka tana gaishe da mijinta da ya gudu ya bar ta. Baffa Idi da Na'ima suna gaisuwa. Harisu ma na san zai ce yana gaisuwa, ka amsa masa gaisuwar kawai. Ka gaishe mini da Yaya Abdulaziz abokin ɗakinka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai riƙe da amanarka a wuya,
Salwa.